Ranar Da Motar Baba Ta Koyi Rusunawa

Bari in fara da wanke kaina: ni ban taɓa motar nan da hannuna ba. Baki kawai na sa. In kuwa sa baki laifi ne, to sai a kwashe duk majalisar mai shayin layinmu a tafi da mu tare.

Sunana Usman, tela ne ni a Gusau. Anas taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yawo ba wando nake da izinin tsokanarsa, kuma ban taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. Sana'arsa cajin waya da sayar da kati, amma in ka kira shi Anas kawai ba zai waiwayo ba, sai ka ce Injiniya. Ba wanda ya ba shi sunan. Shi ya naɗa kansa, bayan ya yi wata uku a wurin koyon sana'a aka ce ya je gida ya huta.

Ayyukansa ba ɓoyayyu ba ne. Ya gyara agogon masallacinmu, ladan ya kira azahar mata ba su ko ɗora abincin rana ba. Ya gyara fankar matarsa Saude, ta daina hura iska ta koma zuƙa. Ya gyara injin ban-ruwan surukinsa, Alhaji Sani na Nahuce, a shekarar nan tumatir bai ga kasuwa ba.

To shi Alhaji Sani, wanda duk muke kira Baba, yana da wata farar mota da ta haura shekara talatin, yana ce mata Dattijuwa. Da idonsa ya yi rauni ya daina tuƙi, sai aka shiga tunanin wa zai riƙe ta cikin surukansa biyu: Anas mijin Saude, ko Abdullahi mijin Wasila, wani ɗan kasuwar hatsi a Tsafe wanda in ya zauna kan benci sai na ɗaya gefen ya kama wani abu. Gusau ta fi kusa da Nahuce, shi ya sa Anas ya ci. Amma a gabana Baba ya kafa sharaɗi, yana riƙe da makullin bai sake ba tukuna.

“Ka sa mata mai, ka wanke ta, ka taho ka ɗauke ni in na kira. In ta yi ko tari ne, ka kai ta wurin Zakariya. Ran da ka sa mata sifana da hannunka, ran nan makulli zai kwana Tsafe. Ka jiya?”

“Haba Baba, ai ni…”

“Ka jiya?”

“Na ji, Baba.”

Baba kuma yana da hanyar gane ko an taɓa masa mota. A bangon rumbunsa akwai wani layin gawayi da Zakariya ya ja masa tun shekaru ashirin, kowace kaka sai Baba ya sake bi ta kansa. Duk ranar da mota ta zo Nahuce, bayan magariba sai a tsayar da ita daidai wani dutse, a kunna fitilu. In hasken biyu ya zauna kan layi, lafiya. In ɗaya ya kauce, sai an yi bayani.

Wata takwas Anas ya daure. Na rantse har ramewa ya yi. Sai wata Laraba, yana tafe yana ɗaga wa mutane hannu don kowa ya shaida shi ne a ciki, ya afka wani rami. Ko da ya fito, fitilar hagu ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa kamar an yi mata faɗa. Ga shi ranar Asabar sunan jaririn Wasila a Tsafe, kuma shi zai kai Baba ya dawo da shi.

Ni na ja shi da ƙyar zuwa garejin Zakariya. Zakariya mai gyaran wayar mota ne, mutumin kudancin Kaduna, amma ya daɗe a Gusau har ya fi wasunmu sanin lungunanta. Ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya zura yatsa.

“Ƙaramin abu ne. Kun ga dogon notin nan a bayan fitila? Kansa yana zaune cikin wata 'yar roba, in ka murɗa shi fitila ta ɗaga kai ko ta sauke. Robar ce ta fashe. Ina da irinta cikin gwangwanin can. Minti biyar.”

Da a nan ya tsaya da ba labari. Sai ya ƙara da cewa, a gaban direbobi kusan goma da ke zaune, “Injiniya, kai dai je ka zauna kan benci. Ka sa hannuwanka cikin aljihu, don Allah.”

Direbobi suka kwashe da dariya. Na ga kunnen Anas ya motsa.

“Zakariya, abin minti biyar ne za ka zaunar da ni kan benci?”

“Don ya tsaya a minti biyar ɗin ne.”

Anas ya rufe bonet da kansa. “Ka riƙe robarka. Ran Asabar za ka ji labari.”

“Zan ji kam,” in ji Zakariya. Ya juyo gare ni. “Malam Usman, in ya gama ku kawo mini abin da ya rage.”

A hanya na tuna masa sharaɗin Baba. Ya ce Baba layi yake dubawa, ba hannu ba. In haske ya zauna kan gawayi, wa zai gaya masa?

Ranar Alhamis da hantsi ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya jera kayan aiki kamar mai shirin yi wa mutum tiyata. Maƙwabta suka jawo benci. Ni ma na rufe shago, don ɗinki yana jira amma irin wannan kallo ba ya jira.

Ya fara da gam mai kama nan take. Ya ɗiga a fasasshiyar robar, ya danna noti da yatsu biyu, ya ce mu ƙirga masa sittin. Muka ƙirga. Ya janye hannu, noti ya biyo shi. Robar tana can inda take, amma babban yatsa da manuni da noti sun zama abu ɗaya. Daidai lokacin liman ya zo wucewa ya miƙa masa hannu.

“Injiniya, ina aiki?”

“Alhamdu lillahi, Malam,” ya ce, ya ba shi gwiwar hannu.

Sai da Saude ta jiƙa hannun cikin ruwan ɗumi da kananzir rabin awa kafin noti ya yarda ya rabu da shi, ya tafi da 'yar fata tsaraba.

“Baban Shafa,” ta ce daga bayan ƙofa, “ka mayar da motar nan wurin Zakariya tun Baba bai ji ba.”

“Ke dai ji da tukunyarki. Wannan gwaji ne na farko. Ko masu ƙera jirgi sai sun yi gwaji.”

Gwaji na biyu ya ce a yi wa fitilar matashi. Ya shiga gida, ya fito da wani abu cikin riga, ya yanka, ya cusa a ƙarƙashinta. Fitila ta ɗago kai tsaf. Ya juyo yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, yana jiran tafi. Can sai muka ji muryar Saude.

“Baban Shafa, ka ga silifas ɗina ƙafa ɗaya? Mai ruwan ganyen nan?”

“Yana bakin aiki.”

Ya kunna fitila don ya nuna mana. Minti goma ba a yi ba sai ƙaurin roba ya tashi. Muna kallo fitila ta fara sauka a hankali, a hankali, kamar tsohon da gyangyaɗi ya kama a wurin wa'azi, har ta koma inda ta fito. Wani maƙwabci ya ce a yayyafa mata ruwa ko ta farka.

“Na gano matsalar,” in ji Anas. “Ban ga yadda lafiyayyar take ba. Bari in buɗe ta dama in kwaikwaya.”

“Injiniya, ta dama lafiyarta lau,” na ce.

“Shi ya sa zan tambaye ta.”

Ya zura sukundireba, ya ɗan banƙara. Muka ji ƙas! Robar da ta shekara talatin tana zaman lafiya ta rabu biyu. Fitilar dama ta bi 'yar'uwarta. Dattijuwa ta tsaya ido biyu a ƙasa kamar wadda aka kama da satar kaza. Benci ya kusa kifewa don dariya. Saude ta leƙo, ta duba, ta koma ciki, sai muka ji ta tana daka da ƙarfin da ya wuce na barkono.

To ga inda na sa baki. Ranar Juma'a da safe muna wurin mai shayi, Anas ya zo ido ja, ya zauna bai ko ce a zuba masa ba. Na ce bari in ɗan taɓa shi.

“Injiniya, ni fa na ji motocin zamani daga ciki direba ke saita fitila. Kai da iliminka, me zai hana ka sa musu linzami? Ka jawo waya daga kowace fitila ka ɗaura a abin murɗa gilashi. Ka murɗa sama ta ɗaga kai, ka murɗa ƙasa ta sauke.”

Majalisa ta yi dariya, don kowa ya san wasa nake. Anas bai yi ba. Ya ƙura wa kofin wani ido, leɓensa yana motsi. Can ya buga cinya.

“Abin da na kwana ina tunani ke nan! Usman, kai matsalarka saurin baki, ka riga ni faɗa.”

Kafin a tafi masallacin Juma'a ya sayo wayar birkin keke guda huɗu da tsohon tub na taya. Bayan an sauko ya huda motar Baba wuri shida da ƙusa da guduma. Ya yanka tub ya ɗaure kowace fitila yana janta ƙasa, wayar birki tana janta sama. Ya bi da wayoyin ta ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, ya cire marfin ƙofofi, ya naɗe ta hagu a mariƙin gilashin direba, ta dama a mariƙin gilashin mai zaman gaba. Wani wuri ya ƙi zama, ya tokare shi da cokalin shayi.

Kuma jama'a, tsakani da Allah, abin ya yi aiki. Da magariba ya juya motar ta fuskanci katangar gidansa, ya ja layi da gawayi daidai tsayin na Baba, ya yi ta murɗawa har hasken biyu ya zauna a kai. Ya auna: in kowane gilashi ya rage yatsa huɗu ya rufe, saiti ya yi. Ya ɗiga jan farcen 'yarsa Shafa'atu a kowane gilashi don alama. Sannan ya hau kan dakali.

“Ina masu dariya? A je a gaya wa Zakariya minti biyar ɗinsa na 'yan koyo ne!”

Ni kuwa na lura da abu ɗaya: motar ba kowa a ciki sai shi, but ɗinta ma wayam. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tuna ya ce matsalata saurin baki. Na rufe.

Asabar da sassafe Saude ta fito da shirinta, ta dubi motar, ta dubi mijinta.

“Ni motar haya zan shiga. Ina da 'ya'ya ƙanana.”

Ni na shiga baya, muka ɗauko Baba a Nahuce. Ya fito cikin farar babbar riga, ya shafa bonet kamar mai gaida doki, ya zauna gaba, ya ɓare goro. Ba mu kai Bungudu ba bakinsa ya cika. Ya kai hannu ga mariƙin gilashi.

“Baba!” Anas ya yi ƙara har motar ta yi tangaɗi. “Iska… iska tana da illa ga ido. Likitoci sun hana.”

“Wane likita?”

“Na rediyo.”

Baba ya dube shi, ya ɗaga kai, ya nemi ya tofar ta 'yar kafar yatsa huɗun nan. Iska ta karɓa, ta zagayo da shi ta tagar baya, ta sauke a kan hulata sabuwa. Na ce a raina, Usman, ka fara karɓar ladanka.

Karo na biyu Baba bai nemi shawarar kowa ba, ya murɗe gilashi har ƙasa. Na ji wani ƙiiii daga gaba. Anas ya fara karanta duk addu'ar da ya sani. Baba ya tofar, ya murɗe sama. Ƙiiii.

Muna shiga Gusau cunkoso ya tsayar da mu. Wani ɗan acaɓa da ke gabanmu ya waiwayo daidai lokacin da Baba ya sake sauke gilashi. Ya ga idon mota na dama ya sunkuya, ya kuma ɗago. Ya taɓa na kusa da shi. Nan da nan aka fara nuno mu ana ihu, ana ɗaga hannu.

“Kai, ku duba! Sake, Alhaji, sake!”

Baba ya ɗauka shi ake gaisarwa. Ya sauke gilashi ya ɗaga hannu, “Lafiya lau, lafiya lau, Allah shi yi albarka.” Mota ta rusuna. Ya rufe, ta ɗago. Wasu suka sake ihu, ya sake saukewa. Haka muka ratsa gari, Baba yana amsa gaisuwa, Dattijuwa tana kashe wa jama'a ido ɗaya, Anas yana zufa har sitiyari na zame masa.

“Ikon Allah,” in ji Baba, yana gyara zama. “Ashe har Gusau an san ni haka? Usman, ka gani ko?”

“Na gani, Baba. Ai ko ni ban san kana da jama'a haka ba.”

A Tsafe Anas ya manna hancin motar da bango, ya ari tabarma ya rufe mata fuska, wai rana tana cin fenti. Aka yi suna, aka ci, aka sha. Bayan la'asar muna shirin tafiya sai ga Abdullahi angon ƙarni ya fito, bayansa ana ɗauke da buhun masara biyu da cinyar rago.

“Ai ba zan bar Baba ya koma shi kaɗai ba, sai na raka shi har gida. Injiniya, buɗe but.”

Aka zuba buhuna, mota ta ce ƙiƙ. Abdullahi ya shigo baya kusa da ni, ta ce ƙiƙiƙiƙ, gindinta ya kusa taɓa ƙasa, hancinta ya ɗaga sama kamar mai jin wari. Ni na manne da ƙofa ina numfashi da rabin ƙirji.

“Injiniya, yaya Dattijuwa? Ba ta ba ka wahala dai?” in ji Abdullahi.

“Mota ai sai wanda ya san ta.”

“Haka ne. Ni da ban san komai ba sai dai in kai wa Zakariya.”

Mun isa Nahuce ana kiran magariba. Muka tsaya a masallacin bakin gari muka yi salla, muka koma mota, don Abdullahi ba ya taka abin da ya wuce taku ashirin in akwai taya a kusa. Mutanen masallaci suka biyo mu a ƙafa, saboda duba fitilar Baba ya zama abin kallo a unguwar, kamar awon jarirai.

Anas ya tsaya daidai dutse. Baba ya fita ya je ya tsaya gefen rumbu da sandarsa. Kafin ya juyo, Anas ya kwanta ya miƙa hannu ya daidaita gilashin dama a kan jan farce, ya daidaita nasa, ya ja dogon numfashi.

“Kunna,” in ji Baba.

Ya kunna. Layin gawayi yana nan cikin duhu, ko ƙyalli bai samu ba. Hasken biyu ya tsallake rumbu, ya tsallake jinka, ya dira cikin tsamiyar da zabin Baba ke kwana. Zabi kusan talatin suka ɗauka gari ya waye da bala'i. Suka ɓarke da kuka, suka watse ta ko'ina, wasu kan jinka, wasu kan jama'a, ɗaya ta bi ta kan wani dattijo ta tafi da hularsa.

Baba ya ɗaga kai ya dubi tsamiya, ya sauke ya dubi mota.

“Anas, mi take nema a sama?”

“Baba… hadari take dubawa.”

“Da rani?”

Anas ya sa hannu a ɓoye ya fara sauke gilashinsa. Hasken hagu ya gangaro daga tsamiya, ya bi jinka, ya zo ya zauna kan layi daram. Na dama yana can sama yana ƙirga zabin da suka rage. Mota ta zama mai ido ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Jama'a suka ja da baya. Wata tsohuwa daga cikin gida ta fara a'uziyya.

Hannun Anas ba ya kai wa ɗaya ƙofar sai ya kwanta, in ya kwanta kuma Baba zai gani. Ya juyo yana raɗa.

“Usman, don girman Allah, sauke gilashin can.”

Ni kuwa na riga na yi niyya ba zan taɓa motar nan ba. Amma taimako ai wajibi ne. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji sosai.

“Alhaji Abdullahi, Injiniya ya ce a sauke masa gilashin can!”

“Gilashi kuma? Zafi yake ji?”

Abdullahi ya yunƙuro gaba. Yunƙurin nan kaɗai ya sa hasken hagu ya bar layi ya faɗi ƙasa. Ya kama mariƙi ya murɗa. Hasken dama ya sauko daga tsamiya, ya bi ta kan fuskar Baba, ya wuce layi, ya tsaya kan takalmansa. Abdullahi ya dakata. Ya murɗa sama, haske ya hau. Ya murɗa ƙasa, ya sauka. Ya sake. Ya sake. Sai dariya ta kama shi, yana yi motar tana rawa, fitilu biyu suna tsalle a bangon rumbu.

“Baba! Baba, zo ka ga ikon Allah!”

Baba ya tako a hankali. Ya buɗe ƙofa, ya ture hannun Abdullahi, ya kama mariƙin da kansa. Ya murɗa ƙasa, ya leƙa gaba. Ya murɗa sama, ya leƙa. Zabi suna ta kuka daga nesa. Sai ya ci gaba da murɗawa sama, gilashi ya rufe, bai tsaya ba.

“Baba, ya isa, kada ka…”

Tas! Waya ta tsinke, tub ya fizgo, fitilar dama ta yi tsalle ta fito daga raminta, ta rataye da wayar wuta tana lilo, tana haska ƙafafun jama'a ɗaya bayan ɗaya.

“Buɗe bonet.”

Aka kawo tocila. Baba ya zura hannu ya fara fito da kaya yana jerawa a ƙasa: wayar birkin keke, guntun tub, cokalin shayi. Daga ƙarshe ya ɓamɓaro wani abu mai ruwan ganye, rabinsa a ƙone. Ya juya shi a hasken tocila.

“Wanga silifas na san shi. Ni na sawo ma Saude shi a Makka.”

“Baba, wallahi sifana ban sa mata ba. Filaya ce kawai, da guduma, da…”

“Yi shiru.” Baba ya tsaya yana kallon fitilar da ke lilo. Na ga wani tunani ya zo masa, fuskarsa ta canza. Ya juyo gare ni. “Usman. Mutanen nan na Gusau da sunka yi ta ɗaga hannu. Ba ni suke gaisarwa ba?”

Na sunkuyar da kai kamar fitilar hagu. “Baba, wasu dai ina jin kai ne.”

Wannan ya fi huda shida yi masa ciwo. Ya miƙa wa Anas tafin hannu. Anas ya duba hagu, ya duba dama, duk Nahuce na kallo. Ya zare makulli, fitilu suka mutu, ya ajiye a hannun Baba. Baba ya zagaya ya miƙa wa Abdullahi ta taga.

“Ran Litinin ka kai ta wurin Zakariya. Kai kuma,” ya nuna Anas da sanda, “shekara goma sha biyu kana auren ɗiyata, ban taɓa ganin abin da ka gyara ya yi ladabi ba sai yau. Je ka kamo mani zabina.”

A Nahuce muka kwana. Zabi ashirin da shida ya kamo, sauran sai da safe suka dawo don kansu.

Ranar Litinin na raka Abdullahi garejin don mu kai wa Zakariya abin da ya rage, kamar yadda ya ce. Zakariya ya buɗe gwangwaninsa, ya ɗauko roba biyu. Minti biyar hagu, minti biyar dama. Toshe hudojin ne ya ci kwana biyu. Wayar birkin kuwa ya rataye ta a ƙusa saman bencinsa, duk direban da ya tambaya sai ya ba shi labari tun daga gam.

Yanzu Dattijuwa tana Tsafe. Anas ya saya wa Saude silifas, ta ce ba na Makka ba ne. Duk ranar da Abdullahi ya shigo Gusau, sai ya biyo ta layinmu ko ba hanyarsa ba ce, ya tsaya daidai shagon caji, ya sauke gilashi a hankali yana sunkuyar da kansa, ya murɗe sama yana ɗagowa, ya ja mota ya wuce.

Rannan ina wurin ya yi. Anas ya bi motar da kallo har ta sha kwana, sannan ya taɓo ni.

“Ka gani ko, Usman? Har yau fasahata yake kwaikwayo. Hassada ce kawai.”